Raypower da zamaninmu a Agege

Na ci karo da wani tarihi na gidan rediyon Raypower da ke Legas. Ku da kuka kawo shi, Allah ya saka da alheri, kun tuna mana baya. Sai dai kun tsallake abu guda: kafin gwamnatin Babangida ta kafa doka mai lamba 38 a 1992, wadda ta samar da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ba mai ikon buɗe gidan rediyo a Najeriya sai gwamnati. Dokar ce ta share wa marigayi Raymond Dokpesi, wanda ya kafa Raypower, hanya, har tashar ta fara aiki daga Alagbado a 1994.

Lokacin ina yaron shago a Agege. Mun saba in dare ya tsala rediyo ta rufe, sai shuuu. Kwatsam sai ga Raypower a mita 100.5 tana kiɗa ba dare ba rana! Maigidana, Allah ya jiƙansa, BBC Hausa kaɗai yake kamawa. Yana fita sari mu murɗa, muna hango hularsa mu mayar. Batir kuwa ya sha wuya a hannunmu, kullum Alhaji na mitar batiran zamani ba su da ƙarko.

Su Rhythm da Cool FM daga baya suka biyo, Wazobia mai Turancin buroka kuwa sai 2007.