An bar jaki ana dukan taiki: Oakmont ba ta yi wa kowa laifi ba

Tun da labari ya fita cewa kulob ɗin golf na Oakmont da ke Amurka ya haramta wa Wyndham Clark sake taka filinsa, nake ta cin karo da masu neman wanke shi. Mutumin da ya ɗauki kofin US Open a 2023 ya shiga ɗakin sauya kaya bayan an tankaɗe shi a rana ta biyu, ya huce haushinsa a kan lokokin katako da suka girme shi nesa ba kusa ba, ya farfasa su. Kulob ya ce sai ya biya ɓarnar, ya ba da wani abu sadaka, ya kuma je a koya masa danne fushi kafin a sake buɗe masa ƙofa. Ni ban ga abin jayayya a nan ba. Amma sai ga masu sharhi suna cewa ai filin ne ya tunzura shi, wai hukumar golf ta Amurka, USGA, ta shirya filin ne don ta wulaƙanta 'yan wasa, wai gasar US Open da aka yi a can a watan Yunin 2025 caca ce kawai. Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Clark dai wata ɗaya kafin nan ya wurga sandarsa a gasar PGA a Quail Hollow har ya lalata allon talla da ke bayansa, kuma can babu ciyawar Oakmont. Ya nemi afuwa, Allah Ya sa har zuci ne. Abin da ya fi damuna shi ne ƙorafin da ya zama ruwan dare a kan filin kansa.

Gaskiya ne filin ya yi tsanani. 'Yan wasa 156 suka shiga, bugun ƙa'ida, wato adadin bugun da aka ƙayyade a gama ramukan da shi, na kwana huɗu 280 ne, kuma mutum ɗaya tak, J.J. Spaun, ya gama ƙasa da haka, da bugu 279. Bryson DeChambeau da ke riƙe da kofin bai kai ƙarshen mako ba. Shane Lowry ya tattara kayansa da bugu 17 sama da ƙa'ida. Rory McIlroy, wanda watanni biyu kafin nan ya sa koriyar rigar zakaran gasar Masters, ya jefar da sanda, ya kuma fasa alamar wurin bugun farko a rami na 17. Duhuwar ciyawar da ke gefen hanya ta kai inci biyar, in ƙwallo ta faɗa ciki sai ka tsaya a kanta ba ka gan ta ba. Akwai kwarin yashi 168. Rami na takwas, wanda ake so a gama shi da bugu uku, tsawonsa ya kusa yadi 300. Duk wannan na sani, kuma duk wanda ya sa hannu a takardar shiga gasar ya sani tun kafin ya hau jirgi zuwa Pittsburgh.

Oakmont ba jiya aka haife ta ba. Henry Fownes, attajirin ƙarfe, shi ya zana ta a 1903, kuma da gangan ya yi ta don ta ba da wuya. Ɗansa W.C. Fownes ne ya bar maganar da har yau ake maimaitawa, cewa bugun da aka yi shi ba daidai ba ya kamata ya zama asarar da ba ta dawowa. A zamaninsu har wani manjagara mai nauyi suke ja a cikin yashin, yana barin kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, don kada wanda ya faɗa ya fita cikin sauƙi. Babu tafki ko ɗaya a filin. Dubban bishiyoyin da aka dasa daga baya ma an sare su tun daga shekarun 1990, don a mayar da ita yadda mai ita ya bar ta. Ba ta ɓoye maka komai: daga inda ka tsaya kana hango hanya, kana hango yashi, kana hango wannan dogon kwarin da ke tsakanin rami na uku da na huɗu, mai jeren tudun ciyawa kamar bencinan coci. Ka buga daidai ka wuce, ka kauce ka biya. Sau goma ke nan ana kawo mata US Open, babu filin da ya kai ta. Har na'urar da ake auna santsin farfajiyar rami (shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ke kewaye da ramin) da ita a duk duniya, a nan tunaninta ya samo asali, bayan Edward Stimpson ya ga yadda ƙwallo ke zamewa a gasar 1935. Wanda ya je irin wannan wuri yana tsammanin tausayi, shi ya yaudari kansa.

Masu cewa caca ce hujjarsu ɗaya: wai da gwaninta ce ta yi aiki, da Scottie Scheffler ne ko McIlroy ya ci, ba wani Spaun mai shekara 34 da kofi ɗaya tak a tarihinsa na PGA Tour, jerin gasannin ƙwararru na Amurka, ba. Wannan raini ne kawai aka sa wa rigar hujja. Caca ce ta ba Ben Hogan kofi a 1953? Caca ce ta ba Jack Nicklaus a 1962, lokacin da ya kayar da Arnold Palmer a gaban mutanen yankinsa? Ernie Els a 1994 fa, da Dustin Johnson a 2016? Spaun kuwa ranar Alhamis ya zaga filin nan da bugu 66 ba tare da ya zarce ƙa'ida a rami ko ɗaya ba. A watan Maris shi ne ya ja McIlroy har zuwa wasan raba gardama a gasar Players. Wanda bai san shi ba, bai bi wasan ba ne.

Daren Lahadin nan ban runtsa ba, domin sa'a biyar ke tsakaninmu da su, ga kuma ruwan sama da ya dakatar da wasa fiye da sa'a ɗaya da rabi. Na ga Spaun ya zarce ƙa'ida a biyar daga cikin ramuka shida na farko. A rami na biyu ya yi bugun da ba shi da aibu, ƙwallo ta nufi rami sak, ta daki sandar tuta, ta dawo baya tana gangarawa har ta fice daga farfajiyar ta yi nisa. In akwai wanda ya cancanci ya fasa loka a ranar, shi ne. Sai kawai ya sunkuyar da kai ya bi ƙwallonsa. Ya shiga ɗaki lokacin ruwa, ya sauya kaya, ya fito ya ƙarasa ramuka tara na farko da bugu 40, ya yi sauran taran da 32. A rami na 17 ya aika ƙwallo da bugu ɗaya har kan farfajiya. A na 18 kuma, yana buƙatar bugu biyu daga nisan ƙafa 64, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, Viktor Hovland ya riga shi bugawa daga kusan wuri ɗaya, shi kuwa ya matso ya ƙura ido ya ga yadda ta karkata. Ya buga, ta hau tudu, ta lanƙwasa, ta faɗa. Kyamara ta nuno Robert MacIntyre na Scotland, wanda ya zo na biyu, yana zaune yana kallo a talabijin, sai ya ɗaga hannu yana tafa masa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a Oakmont miya ta ƙare wa kowa tun da rana. Ku gaya mini wane fili mai laushi ne zai iya fito mana da halin mutum haka.

Za a ce to Sam Burns fa, wanda ya kwana yana kan gaba, alƙalai biyu suka hana shi ɗauke ƙwallonsa daga inda ruwa ya kwanta a rami na 15? Na tausaya masa, kuma a ganina an tsaurara masa. Amma wannan hukuncin alƙali ne da ruwan sama, kuma mutumin da ya gama da 78 ba a rami ɗaya ya zubar da kofin ba.

Ban ce USGA ba ta taɓa wuce gona da iri ba. A Shinnecock Hills a 2004 ta bar farfajiyar rami na bakwai ta bushe ƙamas har sai da aka riƙa yayyafa mata ruwa tsakanin rukunin 'yan wasa. A 2018 a Shinnecock ɗin dai aka sake kwatawa ranar Asabar, ranar da Phil Mickelson ya bi ƙwallo da gudu ya doke ta tana tafiya. Can kyakkyawan bugu ne ake hukuntawa, kuma hukumar da kanta ta amsa laifi. A Oakmont kuwa wanda ya sa ƙwallo a hanya ya samu lada. Burns ɗin nan ya yi 65 ranar Juma'a. Patrick Reed ya jefa ƙwallo rami da bugu biyu a inda aka ƙayyade biyar. Johnny Miller ya yi 63 a nan a 1973. Ƙofa a buɗe take, ƙunci ne kawai da ita.

Abin da ya faru shi ne an sangarta manyan 'yan wasan nan, mu masu kallo ma an sangarta mu. A watan Janairun 2025 Hideki Matsuyama ya ci gasa a Kapalua da ke Hawaii da bugu 35 ƙasa da ƙa'ida. Mako ɗaya kafin Oakmont an ci gasar Kanada da 18 ƙasa, mako ɗaya bayanta Keegan Bradley ya ci Travelers da 15 ƙasa. Kusan kowane mako haka ake yi: a narka ƙwallo iya ƙarfi, ko ta faɗa ciyawa ba komai, a ɗauki gajeriyar sanda a ɗora ta kusa da tuta. Ga gasannin da ba a tankaɗe kowa, na ƙarshe ma yana tafiya gida da kuɗinsa, tsarin da gasar LIV mai kuɗin Saudiyya ta runguma, PGA Tour kuma ta kwaikwaya a wasu manyan gasanninta don kada taurarinta su gudu. Mutumin da ya saba da wannan, ranar da aka ce masa yau bugun ƙa'ida ma sai ka yi gumi, dole ya ga kamar an zalunce shi. Sau ɗaya ne fa a shekara. Dala miliyan 21.5 aka ajiye a Oakmont, miliyan 4.3 na wanda ya ci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kuma ba manyan kaɗai ke cikin gasar ba, abin da masu ƙorafi ke mantawa ke nan. Sunanta Open domin ƙofarta a buɗe take ga duk wanda ya iya tsallake wasannin share fage. Wanda ya fara bugu a rami na ɗaya ranar Alhamis, Matt Vogt, likitan haƙori ne, a da yana ɗaukar wa mutane jaka a wannan fili. Philip Barbaree ya dawo da sassafen Asabar ya jefa ƙwallon da ta tsallakar da shi tankaɗe, matarsa ce ke riƙe masa jaka, suka rungume juna kamar kofin suka ci. Irin waɗannan ba su fasa komai ba. Mu nan da ake kallon golf a matsayin wasan masu hannu da shuni, irin labarin nan ne ke sa in ce wa abokaina su zauna su kalla, kuma fili mai wuya ne ke haifar da shi, domin yana rage tazarar da ke tsakanin mai ƙarfin dantse da mai haƙuri.

In ana neman mai laifi da gaske, a dubi ƙwallo da sanda. A 1980 matsakaicin bugun farko a PGA Tour bai kai yadi 260 ba, yau yana wajen 300. Oakmont da Nicklaus ya ci kofi a kanta ba ta kai yadi 7,000 ba, a 2025 an ja ta zuwa 7,372, kuma ga babban titin mota ya ratsa ta tsakiya, ba ta da sauran inda za ta miƙe ƙafa. Augusta mai kuɗi, inda ake gasar Masters, sai da ta sayi fili a hannun maƙwabta don ta tsawaita rami na 13. Filin da ba zai iya sayen ƙasa ba me ya rage masa in ba ya bar ciyawa ta yi tsawo, ya matse hanya, ya ƙara wa farfajiya santsi ba? Ciyawar inci biyar ɗin da ake zagi amsa ce ga ƙwallon da ke tashi kamar harsashi. A Disambar 2023 USGA da takwararta ta Birtaniya, R&A, suka sanar da sabon gwajin da zai rage wa manyan masu bugu yadi 13 zuwa 15, daga 2028. Ɗan wannan ragin ma kamfanonin ƙera ƙwallo da 'yan wasan da suke ɗaukar nauyinsu sun tayar da jijiyar wuya a kansa. Bakin da ya ce kada a taɓa ƙwallo, shi ne kuma yake cewa a aske ciyawa. To me suke so a bar wa filin ya kare kansa da shi?

Masu cewa mai kallo ya fi son ganin ƙwallo na faɗawa rami a kai a kai, su tambayi duk wanda ya ga bugun Spaun na ƙarshe ko zai musanya shi da na Kapalua. A 1974, bayan Hale Irwin ya ci gasar a Winged Foot da bugu bakwai sama da ƙa'ida, an zargi hukumar da kunyata gwanaye, jami'inta Sandy Tatum ya amsa cewa ba kunyata su ake son yi ba, so ake a gane su waye. Fiye da shekara hamsin ke nan, amsar ba ta tsufa ba.

Abin da nake so a yi ba shi da yawa. A aiwatar da ragin ƙwallon a kan lokaci, in da hali ma a ƙara, kada a saurari masu neman a ɗage. PGA Tour ta daina barin kulob shi kaɗai da hukunta mai ɓarna, ta riƙa dakatar da ɗan wasa a fili kowa ya ji. Duk lokacin da gasar ta koma Shinnecock, can kam USGA ta kula da ruwa da iska don kada ta ba masu ƙorafi abin faɗa. Oakmont kuwa za ta sake karɓar US Open a 2033, kuma ina roƙon masu ita kada su rage wa ciyawar nan ko inci ɗaya.