Minti biyu kuka yanko, ku je ku kalli sauran

Jama'a, abin nan fa ya ishe ni. Yau ma an sake turo guntun bidiyon nan a rukuninmu na WhatsApp, wanda jirgin sama ya doshi benen World Trade Center, an rubuta a ƙasa wai "ga hujja, Amurkawa sun san komai tun kafin 11 ga Satumba". Wato harin da aka kai wa benen da jiragen sama a 2001. Wanda ya turo ɗin ko sunan shirin talabijin da aka yanko bidiyon daga ciki bai sani ba, balle ya san wasan barkwanci ne.

Wasan barkwanci ne, Malam! Sunansa The Lone Gunmen. Tashar Fox ta fara nuna shi ranar 4 ga Maris 2001, ya yi kashi 13 kacal, aka dakatar da shi saboda masu kallo sun yi ta raguwa. Reshe ne na The X-Files, wani shahararren shirin talabijin na Amurka. Labarin wasu mutum uku ne, Byers da Frohike da Langly, gwanayen kutse a kwamfuta, masu buga wata 'yar jarida da ba kowa ke saye ba, kullum suna farautar makircin gwamnati suna kwasar kunya. Byers cikin kwat da laktaye kamar ma'aikacin banki, Langly da dogon gashi da ƙaton tabarau, Frohike gajeren dattijo mai son mata. Waɗannan ne kuke cewa an ba su sirrin duniya su tona?

Na san abin da za ku ce: ai kashi na farko ya nuna wasu a cikin gwamnati sun ƙwace linzamin jirgi daga nesa, jirgin ya tashi daga Boston, za su kaɗa shi a benen don kasuwar makamai ta buɗe. Haka ne, ya nuna, kuma duk wanda ya kalla bayan abin ya faru sai tsigar jikinsa ta tashi. To amma sai me? Marubuci ba ya bukatar wahayi kafin ya kawo wannan tunani. An riga an tayar da bam a ƙarƙashin wannan bene a Fabrairun 1993, mutum shida suka mutu. A Disambar 1994 an yi fashin jirgin Air France a Aljiyas, aka ce Faris aka nufa da shi, sai da jami'an Faransa suka far masa a Marsel. Tun 1945 ma wani jirgin soja ya taɓa afka wa dogon benen Empire State da ke New York cikin hazo. Duk wannan yana cikin jaridu, kowa ya karanta. Mai neman labari mai tayar da hankali ya haɗa abin da kowa ya sani, shi ke nan.

Kuma ku tsaya ku yi tunani. Idan da gaske asiri ne ya tonu, me ya sa kamfanin Fox da kansa ya fitar da shirin gaba ɗaya a faifan DVD a 2005, da kashi na farkon nan a ciki, ana sayar wa duk mai kuɗi? Wa ya taɓa ɓoye abu ta hanyar kasa shi a kasuwa? Masu cewa ai wannan ma dabara ce, ba ni da lokacinku. Wanda komai hujja ce a wurinsa, har rashin hujjar, ba magana yake nema ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne an zalunci shirin. Mutane irin su Chris Carter da Vince Gilligan, wanda daga baya ya yi shirin Breaking Bad, sun zauna sun tsara labarin mutanen da ke son ƙasarsu da gaske, talakawa marasa galihu, da ake yi wa dariya amma ba sa fasa neman gaskiya. A cikin shirin akwai Jimmy Bond, mai zuciyar kirki da ƙarancin wayo. Akwai Yves Adele Harlow, wadda in ka jujjuya baƙaƙen sunanta sai su ba ka Lee Harvey Oswald, mutumin da aka zarga da kashe shugaban Amurka Kennedy. Duk wannan an watsar, an yanko minti biyu ana yawo da su shekara da shekaru. Minti biyu daga kashi 13! Ku nemi faifan ku kalla daga farko har ƙarshe, sannan ku dawo mu yi magana.

Ni kuwa abin da har gobe ban yafe ba shi ne yadda aka ƙare da su. An bar kashi na ƙarshe a rataye, sai a 2002 aka dawo da su cikin The X-Files, a kashin da ake kira Jump the Shark, aka kashe su su ukun a ɗaki guda, aka binne su a Arlington, maƙabartar sojojin Amurka. An saka wannan kashin a cikin faifan, wai don mai saye ya ga ƙarshen labari. Ni dai da sun bar mana su da rai, ko da ba za a ƙara nuna su ba.