Kafin a Raba Watanda, a Fitar da Kason Gwauraye

'Yan'uwa cikin Almasihu da ke Sakkwato da kewaye, salama a gare ku.

Da Disamba ta kunno kai, hankalin kowa yakan koma kan shinkafa, nama da ɗinkin yara. Babu laifi, bikin Kirsimeti ne, Allah bai hana murna ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen lissafi. Akan fara da gida, a sallami tela, a zuba kuɗin watanda, sai in wani abu ya rage a ce a kai wa mabukata. To ba ya ragewa. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun jin ƙai na ikkilisiya zai gaya muku haka. Ranar da albashin Nuwamba ya shigo, ko aka sayar da amfanin gona, a ranar ake ware kason hidima, ko da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin bikin ne, ban da zakka da baiko. Ubangijinmu a Luka 14:12-14 ya faɗi irin waɗanda za a gayyata in an shirya biki: matalauta, guragu, makafi, waɗanda ba za su iya ramawa ba.

Mu ɗauki watanda, tunda nan aka fi yin kuskure. In gida ashirin suka haɗu za su sayo sa daga Kara, tun wajen tara kuɗi a ƙidaya kaso ashirin da biyu ko da uku, a raba kuɗin ƙarin a kan kowa. In aka bari sai an feɗe, kowa ya ɗauki nasa, abin da ke kai wa gwauraye, wato matan da mazansu suka rasu, ƙashi ne da tarkacen kayan ciki, kuma an yi ne don kunya, ba don Allah ba. A fara cire nasu, tsoka da kitse daidai da na kowa. Sunayen kuwa a karɓa daga shugabannin Zumuntar Mata, su ne suka san gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba. Kada a karanta sunan kowa daga kan bagade, kada kuma a tsayar da tsohuwa riƙe da leda ana ɗaukar ta hoto don Facebook. Matiyu 6:3 ta gama magana a kan wannan: in za a ba da sadaka, kada hannun hagu ya san abin da hannun dama ke yi.

Ɗanyen abinci ya fi dafaffe amfani. Buhu mai kilo 50 yana isa gida goma, kilo biyar biyar. A haɗa da kwalbar man gyaɗa, albasa, gishiri da magi, sannan gawayi ko kuɗinsa, wanda kusan kullum akan manta da shi, sai ka iske an kai shinkafa gidan da babu abin hura wuta. A isar da kayan kafin 22 ga wata, domin uwar marayu ta dafa da hannunta, 'ya'yanta su ga hayaƙi na tashi a gidansu kamar na kowa. In dafaffe ne dole, a zuba miya daban da shinkafa, a raba cikin awa uku zuwa huɗu. Dafa-duka da ta yini a kula takan yi yauƙi, ga ciwon ciki.

Kada mu manta lokacin hunturu ne. Garin da aka sani da zafi, amma sanyin asuba a Disamba yana ratsa ƙashin tsoho. Bargo ɗaya, rigar sanyi daga gwanjo da man shafawa saboda kaushi sun fi wa dattijo amfani a kan kwalin lemo.

Maƙwabtanmu Musulmi da suke aiko mana da nama ranar Layya suna da haƙƙi a kanmu. A ba mahauci Musulmi ya yanka, kuma a faɗa wa maƙwabci haka lokacin miƙa kwano, don ya ci da kwanciyar hankali. Tukunyar da ta taɓa abin da addininsa ya hana, kada a dafa masa a ciki.

Masu niyyar zuwa gidan yari, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ikkilisiya ta rubuta takardar neman izini da makonni, a tambayi abin da ake bari ya shiga. Sabulu, silifa da garin kwaki sukan wuce, reza da kwalba kuwa a bakin ƙofa za su tsaya. A asibiti a fara gaida ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin, ita za ta nuna wanda ba shi da mai zama da shi. Kada a ba majiyyaci abinci ba a tambaya ba, akwai mai ciwon suga, akwai wanda aka hana ci saboda tiyata. Mutum uku sun isa, addu'a a takaice, murya ƙasa ƙasa, kuma da yardar majiyyacin.

Duk wannan zirga-zirga, in babu zama da Maganar Allah, gajiya ce kawai. Bisharar Luka sura 24 ce. In iyali suka fara ran 1 ga Disamba, sura ɗaya kowane dare bayan tuwo, za su kai tashin Almasihu a jajiberin Kirsimeti, yara su gane cewa jaririn da aka kwantar a komin dabbobi shi ne aka gicciye, shi ne kuma ya tashi. Minti goma sha biyar ne, a kife waya, a bar yaro ya karanta ko da yana tuntuɓe.

Iyaye maza, ku dubi ranar kanta. Shekara da shekaru mata ne ke rasa sujadar Kirsimeti saboda suna bakin murhu. A soya nama, a yi cincin, a markaɗa kayan miya tun ran 24, samari su ɗebo ruwa su yi wanke-wanke, Mama ta shiga majami'a tare da kowa. Bayan an tashi, ku leƙa bencin baya. Masu bautar ƙasa, ɗalibai, da matan sojojin barikin Giginya da mazajensu ke bakin daga, da yawa ba su samu tafiya Zuru ko Kafanchan ko Jos ba. Kowane gida ya tafi da mutum ɗaya.

Takardar sunayen nan kuma kada a yar da ita ran 26. A mako na biyu na Janairu, lokacin da makarantu suka koma kuma shinkafar ta ƙare, a tura mata biyu su sake zagaya gidajen, su tambayi wane yaro ne bai koma aji ba saboda kuɗin makaranta, su kawo wa dattawan ikkilisiya sunansa.