Layi biyu dai? Wannan ne rahoton?

Maganar rizol ɗin gwajin naman kawuna nake yi. An yanke wa bawan Allah hanji, an kai naman lab, muka yi sati uku muna jira, sai ga takarda da layi biyu: kansa ce, an cire. To madalla, mun gode da labari. Mu da muka sa hannu aka shiga da shi tiyata ashe ba mu san kansa ba ce sai da kuka faɗa.

Likitan da zai yanke shawarar a yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ko kar a yi fa bai ga naman nan da idonsa ba, takardar nan ita ce idonsa. Yana so ya san har ina kansar ta ci bangon hanji, ta shiga jijiyoyin jini ko ba ta shiga ba, kaluluwa nawa aka ciro aka duba kuma nawa ne suka kamu. Ka'idar da aka sani ita ce a duba aƙalla 12, domin guda ɗaya tak in ta kamu ciwon ya tashi daga mataki na 2 ya koma na 3, kuma maganin ma ya canza. Namu ko adadin ba a rubuta ba. Na ga likitan ya juya takardar yana duba bayanta ko akwai ci gaba, babu komai, ya ajiye ya yi shiru. In ka duba huɗu ka ce lafiya lau, kamar wanda ya leƙa ɗaki huɗu ne a gida mai ɗaki ashirin ya fito ya ce babu ɓarawo.

Sai bakin yanka. A kansar dubura in tazarar da ke tsakanin ciwon da inda wuƙa ta bi ba ta wuce milimita 1 ba, ana ɗauka kamar an bar saura ne a jiki. Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne, tun 1986 Phil Quirke da abokan aikinsa a Ingila suka nuna alaƙar bakin yankan nan da dawowar ciwon, wani likita mai suna Dukes kuwa tun 1932 ya kasa kansar dubura mataki mataki a Landan. Mu har yau muna layi biyu.

Na ga masu cewa wai likitocin gwajin nama sun yi kaɗan, aiki ya musu yawa. Na ji. Amma fom ne fa ake magana, fom mai gurabe da kake cikewa ɗaya bayan ɗaya, in ka tsallake gurbi kowa zai gani, ƙungiyoyin likitocin fannin a Ingila da Amurka sun daɗe da fitar da irinsa kuma yana nan a intanet. Wani kuma ya ce ni ba likita ba ne. Gaskiya ne, amma kawuna ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai, akwai gwajin MMR da ake yi a kan naman nan, yana iya nuna alamar ko kansar irin ta gado ce wadda ake kira Lynch. Mutumin nan yana da yara biyar. Layi ɗaya a takarda zai iya sa a fara duba su da wuri, shi ma babu. Yanzu mun koma roƙo a ciro naman a sake dubawa, Allah ya sa sun adana shi yadda ya kamata.