Ba Sanyin Jos Ne Ke Sandarar Da Nama Ba

A mayankar Jos, musamman da hunturu, za ka ji ana cewa sanyi ne ke sa naman sa ya sandare bayan yanka. Ba haka ba ne. Ko a zafin Abuja na watan Maris nama yana sandarewa, zafin ma ya fi gaggauta abin.

Sirrin yana ga sinadarin kalsiyam, wanda yawancinmu da ƙarfin ƙashi kawai muka san shi. Lallai kusan kashi 99 cikin 100 nasa yana ƙashi da haƙora, amma ɗan ragowar nan shi ke umartar tsoka ta tsuke. Shi ya sa ƙwayar halittar tsoka ba ta barinsa ya yi zaman dirshan a ruwan cikinta, na waje ya ninka na ciki kusan sau 10,000. Akwai wasu furotin masu aikin famfo, masu kwashe shi daga ruwan nan, a tantanin da ya lulluɓe ƙwayar, da kuma a bangon wata ma'ajiya da ke cikinta. Famfon ma'ajiyar, mai suna SERCA, yana cusa kalsiyam biyu ciki da kowane ATP ɗaya, wato makamashin ƙwaya. Kamar tura ruwa sama zuwa tanki ne, sai da wuta.

Ashe sakin tsoka ma ƙarfi yake ci. Da jini ya tsaya, ATP ya ƙare sannu a hankali, famfo ya mutu, kalsiyam ya kwararo, zaruruwan tsoka su cafke juna. Su ma sai da ATP suke saki, don haka bayan 'yan sa'o'i ƙafar san da aka yanka take ƙin lanƙwasuwa ko mahauci ya danna ta da gwiwa.