Takarda ce ta raba mu da Misira, ba ƙwaƙwalwa ba

Shekara huɗu ke nan ina Alƙahira, kuma duk sanda na bi ta bayan Azhar wurin masu saida littattafai sai gardamar majalisarmu ta Sakkwato ta faɗo min, wai mu ne gidan karatu tun fil azal. Jama'a mu bi a hankali. Garin nan namu fa 1809 aka gina shi, lokacin Imamu Suyuɗi ya yi shekara ɗari uku a kabari, ya rasu 1505 ya bar littattafai ɗaruruwa shi kaɗai. Ko a nan kusa, Timbuktu ta riga mu da Ahmad Baba, Katsina ta riga mu da su Ɗan Marina da Ɗan Masani, har wani Bakatsine, Muhammadu Alkashinawi, ya zo Alƙahiran nan ya yi rubutu kan hisabi ya rasu 1741.

Amma ni abin da ke ban haushi shi ne mai ɗora littattafan Misira a sikeli da namu ya ce wai mutanenmu raggaye ne. A wancan zamani malamin Alƙahira yana da wakafi da ke ciyar da shi, makaranta ginin dutse, takarda kuma kasuwa ce a bakin ƙofa. Namu fa? Takardar daga Italiya take, mai alamar jinjirin wata uku, ta sauka Tarabulus, raƙumi ya ratso Sahara da ita wata da watanni, to wa zai ɓata ta kan surutu? Shi ya sa allo da hadda suka ɗauke rabin aikin, ilimi ya zauna a ka da cikin waƙa, wanda aka rubuta ma gara da damina da yaƙi suka ci rabonsu. Turawa kuwa tun wajen 1450 suna da injin ɗab'i, wannan ba ma gasa ba ce.

Da wannan tsadar Malam Abdullahin Gwandu ya yi tafsiri sukutum, Liya'ut Ta'wili, Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri a 1812 ana tsaka da yaƙe-yaƙe, Nana Asma'u na rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Na faɗa wa wani abokina Bamisire haka, ya ce in kawo masa bugu mai kyau ya gani. Wanda nake da shi bugun kasuwa ne, rabin shafukan tawada ta dushe, kunya ta hana ni ba shi.