Gyara na tara a aikin dala 15

Haba jama'a, tambarin dala 15 ne fa, ba ginin bene ba! An yi yarjejeniya da kwastoma a Fiverr, dandalin samun aiki ta intanet, a kan gyara biyu, ga shi an shiga na tara: a ƙara girman rubutu, a rage shi, a mai da shuɗi kore, a'a, a dawo da shuɗin. Shi kwastoman yana Amurka da yammacinsa yana shan iska, kai kana Anguwan Rogo ƙarfe biyun dare, sanyin Jos na ratsa ƙashi, an ɗauke wuta, cajin kwamfuta saura kashi 8, data na zurarewa kamar ruwa a kwando. Ka aika masa hoton tambarin na PNG tsaf, ya tura wa abokinsa ta WhatsApp, hoton ya dushe, laifin wa? Naka! In ka ƙi gyarawa ya maka maka makin tauraro ɗaya, shafinka ya nutse. In ka yarda, Fiverr ta cire kashi 20, saura dala 12, ita ma sai ta kwana 14 kafin ka taɓa ta, sannan kuɗin cirewa da na canji su yagi nasu. A gida kuwa Hajiya ta gama shelanta wa dangi cewa ɗanta na cin dala, ƙanne har sun turo lambar asusu. Wace dalar, Hajiya?